Ɗigon Ruwa a Idi-Araba

Babana Nomau ya tura kurar ruwa
shekara talatin da ɗaya a lungunan Idi-Araba,
jarka goma sha biyu, taya ɗaya mai kuka.
Yakan ɗaga kofi ga hasken safiya, ya ce,
"Duba, garai-garai. Ido ba ya yi wa mai shi ƙarya."

Ni ce 'yar da ta girma ta ƙaryata ido.

Ina zaune a ɗakin gwaji, hawa na biyu,
janareto na tari a bayan taga.
Na ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi,
na sunkuya a kan madubi.
Ashe kasuwa ce ke ci a ciki,
ta fi Oshodi cunkoso ran Litinin:
masu wutsiya, masu juyi,
masu tsagewa biyu kowa ya kama gabansa ba sallama.

Shekarar da amai da gudawa ta shiga layinmu
ta ɗauke Sallau, ƙanena, bai cika huɗu ba,
aka ce iskar kwata ce, aka ce warin fadama,
Iya Risikatu ta maƙwabta ta ce baki ne.
Aka turara gida har idanu suka yi ja,
aka toshe tagogi da tsumma,
aka tallabo kansa aka ba shi ya sha
daga randar da ta kwantar da shi.

Ban ga laifin kowa ba.
Can inda aka ƙera madubin nan ma
likitoci sun daɗe suna zargin wari,
su tashi daga kan gawa su karɓi haihuwa
hannu ba wanki.
Wanda ya ce a wanke, dariya aka yi masa.
Sai da maƙabarta ta shigar masa gardama
sannan aka haƙa magudanai, aka ja famfo,
aka raba ruwan sha da na bayan gida,
uwaye suka fara ɗinka rigar shekara mai zuwa
ba tare da gabansu ya faɗi ba.

Da yamma ina cikin danfo a kan doguwar gada,
kwandasta na lilo a ƙofa yana kiran Obalende,
sama ta yi ja bisa kwalekwalen Makoko.
Na ce wa ta kusa da ni, "Rana ta faɗi."
Na san ba ta faɗi ba.
Mu ne muka juya mata baya,
mu da gada da danfo da kifin da ke ƙasa.
An yi ɗaruruwan shekaru da sanin haka,
an tsare mutane saboda faɗinsa,
amma harshe bai sami labari ba tukuna.

Ran wata Asabar na kawo Baba ɗakin gwaji.
Ya cire hula, kamar zai gaida manya,
ya kanne ido ɗaya, ya leƙa.
Ya daɗe.
Da ya ɗago ya ce, "Ruwan wace rijiya ne?"
Na yi shiru.
Shi ma bai ƙara tambaya ba.

Yanzu ƙafa ta hana shi tura kura.
Yana zama a bakin famfon unguwa,
duk yaron da ya cika jarka ya ce masa,
"Ka gaya musu su tafasa."
Wasu na cewa tsufa ne.

Ni kuwa da dare, in na ba Kulu magani,
cokali ɗaya, kamar yadda littafi ya ce,
sai hannuna ya ɗan tsaya a hanya.
Wace randa ce tawa?
Wane ɗaki za ta kai ni wata Asabar,
ta ce, "Inna, kanne ido ɗaya"?